Malafar Gwadabe a Ƙofar Asibi

Shafi na 19

Masu turo min saƙo cewa na bar su a tsaye jiya, na ji. Wata ma har cewa ta yi in na kashe wa Gwadabe aure ba za ta yafe min ba duniya da lahira. Baiwar Allah, ni labari nake bayarwa, ba ni na ƙulla ba. Ku gyara zama.

*

Tun da aka fara cirar gyaɗa a gonar Lado da hantsin nan, Gwadabe ya cire malafarsa ya duba ya fi sau goma. Tasa ce, babu tantama. Ga jar fatar nan da ya sa baduku ya ɗinka mata a tsakar ka tun yana lebura a haƙar kuza ta Riruwai, wadda ko daga hayin rafi aka hango ta an san Gwadabe ne tafe. Abin da ya kasa ganewa shi ne yadda aka yi ta kwana a ɗakinsa.

Jiya ranar kasuwar Kwanar Dangora ce, kuma kun san dokar 'yan Tsamiya. Su shida ne, kowannensu burkutu ta taɓa kayar da shi ta bi ta kansa, har Saje Inuwa ya tattara su a gindin tsamiyar bayan gari. Gayya suke wa juna da kunu zalla, in an tashi a buga dara, sannan kowa ya faɗi abin da ya ci masa rai a makon. Ranar kasuwa kuwa, ranar da Asibi ke sauke tukunyar burkutu a gidanta na bayan kasuwa, kowa sai ya yi musayar malafa da abokinsa, ba a mayarwa sai washegari a gindin tsamiya. Saje ne ya kawo dabarar. Ya ce mutum yana iya zubar da mutuncinsa a ƙofar Asibi, amma da wuya ya zubar da na wani da ya ɗora a kansa. Sun yi rantsuwa ba za su gaya wa kowa ba, don in gari ya san ana musaya, dabarar ta mutu.

Abokin musayar Gwadabe shi ne Saje da kansa. Jiya da safe ya miƙa masa mai jar fata, ya karɓi tsohuwar ta Saje, ya tafi rugar Dikko don ya yi nesa da kasuwa. Can zazzaɓi ya rufe shi. Dikko ya jiƙa masa sassaƙen maɗaci ya sha, ya kwanta gindin kaɗanya. Daga nan sai abu ya zama gutsi-gutsi. Yana tuna zafin rana a ƙafarsa. Yana tuna ya shigo gari ana kiran magariba da malafa a kansa, bai kuma duba wacce ce ba. Yau da safe ya ga tasa a maratayi.

Ya saci kallon Saje. Tsohon yana can ƙarshen kunya yana karkaɗe gyaɗa, tasa malafar a kansa, bakinsa cike da goro.

"Gwadabe," in ji Lado, "wancan mai sanda ba surukinka ba ne?"

Gwadabe ya ɗago ya duba. Malam Shitu ne, uban Luba, yana ratsowa ta cikin dawa. Wata bakwai ke nan Luba tana gidansa a ƙauyen Ƙofa, ita da 'yarsu Dije, tun ranar da aka ɗauko Gwadabe ranga-ranga daga kwata. Sharaɗi ɗaya tsohon ya kafa: daga ruwan fari har a yanke dawa, kada ido ya ga Gwadabe kusa da giya. Dawa kuwa ga ta nan ta sunkuyar da kai, saura kaɗan.

Gwadabe ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya cire malafa, ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya."

"Ya mutanen gida?"

"Suna nan."

Sauran suka matso suka gaishe shi. Ya amsa wa kowa da sakin fuska, ya ma riƙe hannun Saje ya jima, don duk yankin nan babu wanda bai san Saje Inuwa ya shekara bakwai bai ɗanɗana ba. Sannan ya juyo ya nuna malafar da bakin sanda.

"Wannan taka ce?"

"Tawa ce, Baba."

"Akwai mai irinta a ƙasar nan?"

"Ban taɓa gani ba."

"Ni ma ban taɓa gani ba." Malam Shitu ya dogara sandarsa. "Ka san abin da ya fito da ni daga Ƙofa jiya?"

"A'a, Baba."

"Matarka na kawo maka. Na ji labarinka wurin mutum uku, kowa sai ya ce Gwadabe ya shiryu. Na ce to me nake jira da dawa, yarinya kullum tana tambayar ubanta? Muka ɗaure kaya a jaki. Muka tsaya kasuwa. Muna fitowa ta baya, na ga jar fatar nan da idona ta kutsa zauren Asibi."

 Gwadabe ya ɗago a firgice.

"Baba, fuska… an ga fuska?"

"Dawa ta kare min fuska. Malafa na gani da ƙeya. Ko ka ba wani aro ne?"

Ga amsa nan a bakin harshensa, kalma ɗaya, ta kuma isa ta dawo masa da matarsa kafin azahar. Amma rantsuwa ta hana shi faɗa. Ya ɗaga ido ya dubi Saje, yana jiran tsohon ya ce wani abu, ko da tari ne. Saje ya sunkuya ya ci gaba da tsinke gyaɗa.

"Da kai nake, Gwadabe."

"Baba, ni… jiya ba ni da lafiya."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Ina rugar Dikko."

Dikko, dogon Bafillacen da ke cikinsu, ya ce, "Gaskiya ne, Malam. A wurina ya wuni."

"Har yamma kana tare da shi?"

Dikko ya sosa ƙeya. Shi dai ƙarya ba ta zama a bakinsa. "Da rana ta take na kora shanu mashaya. Na bar shi yana barci. Da na dawo ban same shi ba."

"To." Malam Shitu ya gyara babbar rigarsa. "An ce gani ya kori ji. Luba tana gidan goggonta Rabi, nan muka kwana. Kayanta na ƙofar gida, jaki na ɗaure. Zan jira har a yi la'asar, don kada a ce tsoho ya yanke hukunci cikin fushi. In kana da magana ka kawo ta. In babu, jakin ya san hanyar Ƙofa, ni kuma na san hanyar gidan alƙali."

Ya yi wa sauran sallama ya juya.

*

Babu wanda ya koma kan aiki. Suka tattaru a inuwar ɗorawar gefen gona, inda ƙwaryar kunu take a rufe da faifai, ko kallonta ba wanda ya yi.

Gwadabe ya matsa kusa da tsohon. 

"Saje, jiya da safe na ba ka malafata. Ko ban ba ka ba?"

"Ka ba ni."

"To yaya aka yi ta kwana a ɗakina?"

Saje ya juya goron da ke bakinsa zuwa ɗaya kuncin. "Kai za a tambaya. Ɗakinka ne."

"Ni ban karɓa ba."

"Ka tabbata?"

Wannan tambaya ita ta karya shi. Ku da ba ku taɓa sha ba, ba za ku gane ba. Gwadabe ya taɓa farkawa a tashar Tudun Wada, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, aka ce masa yau Laraba, shi kuwa iyakar saninsa Litinin ce. Ya taɓa rantsewa bai daki ƙofar ɗakin Luba ba, alhali ga hannunsa a kumbure. Mutumin da kwana biyu suka taɓa ɓace masa, yaya za a yi ya bugi ƙirji a kan yini guda?

"Ban… ban sani ba," ya ce. "Ina ganin ban karɓa ba."

"Kana gani," in ji Lado. Ya yi tsaki. "Wata bakwai muna nome maka gona, muna raka ka rafi, muna hana kanmu barcin rana don mu buga dara da kai. Yanzu ka ce kana gani?"

"Lado, bari," in ji Dikko.

"Ba zan bari ba. Ka je ka sha, ka zo kana neman shafa wa Saje? Saje fa? Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa daga bayan kasuwa ina amai a rigarsa?"

"Ban ce Saje ya sha ba."

"To me ka ce?"

 Gwadabe ya kai malafar hancinsa. Akwai ƙauri a jikinta, da wani tsami-tsami da ya sani fiye da yadda ya san warin jikinsa. Yawu ya taru masa a baki, ya ji kunyar kansa har cikin ƙashi.

Dikko ya ce, "Wa ya shinshina bakinsa yau?"

Ita ce doka ta biyu. Washegarin kasuwa, kafin a mayar da malafa, kowa yana hura wa abokinsa numfashi a fuska.

"Saje ne ke duba ni," in ji Gwadabe. "Yau da na matso sai ya ɗaga min hannu daga nesa, ya ce ya yarda da ni."

"Zo nan." Dikko ya kama kafaɗarsa. "Hura."

Ya hura. Dikko ya yamutsa fuska.

"Ɗacin maɗaci ne kawai. Ya rufe komai. Ko ya sha ko bai sha ba, hancina ba zai faɗa ba."

"Ka ji," in ji Lado. "Har da dabarar shan maɗaci."

"Ni na ba shi, Lado. Jikinsa zafi zau."

Gwadabe ya zauna daɓas a kan harawa, ya riƙe kai. Ga Luba nan a cikin gari, tafiyar da ba ta kai a sha kunu a ƙare ba. Ga Dije, wadda ya bari tana rarrafe, aka ce yanzu har gudu take yi. Ya share ɗakin Luba tun watan jiya, ya yi sabon daɓe, ya sake jinka. Duk wannan zai tashi a banza a kan abin da shi kansa bai san ko ya yi ba.

Can ya ɗago.

"Dikko, in mutum ya hura wa abokinsa, shi ma abokin yana hura masa, ko?"

"Haka dokar take."

"To wa ke shinshina bakin Saje?"

Aka dubi juna. Babu. Tun da aka kafa zaman nan shekara uku, duk wanda aka haɗa da Saje sai ya hura ya koma gefe. Wa zai kai hancinsa bakin sa'an ubansa? Mutumin da ya je yaƙin Bama ya dawo, shekara goma ke nan, da tabon harsashi a cinya? Ko a zuci babu wanda ya taɓa kawo wannan.

Lado ya miƙe tsaye. "Gwadabe, ka iya bakinka."

Gwadabe bai kula shi ba. Ya rarrafa ya durƙusa gaban tsohon kamar yadda ya durƙusa wa surukinsa, idonsa a ƙasa.

"Saje, ka yi min gafara. Ka haife ni. Ban taɓa ɗaga maka murya ba, ba kuma zan fara yau ba. Amma dokar nan kai ka kafa ta, ba ka ce ban da kai ba. Don Allah ka zubar da goron nan ka hura min."

"Rashin kunya ke nan," in ji Lado. "Wallahi rashin kunya ne."

"Na yarda rashin kunya ne. Aurena ne a bakin jaki."

 Saje ya dubi yatsun ƙafarsa. Sannan a hankali ya juya gefe ya tofar da goron, ya goge baki da bayan hannu.

"Ba sai ka wahalar da hancinka ba," ya ce. "Na shiga."

Lado ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ka shiga ka fito da wani, ko? Kamar yadda ka fito da ni."

"A'a."

"Ka shiga neman wani abu."

"Lado, na sha. Ƙwarya biyu."

Lado ya koma ya zauna, bakinsa a buɗe. Ɗaya daga cikin sauran ya fara salati ƙasa-ƙasa. Shi kuwa Gwadabe abu biyu suka taso masa lokaci guda, ya rasa wanne zai kama. Wani sanyi ya ratsa shi don ba shi ba ne. Tsoro kuma ya kama shi, domin in Saje ya faɗi bayan shekara bakwai, shi mai wata bakwai a ina ya tsaya?

"Me ya faru, Saje?" in ji Dikko. "An yi maka rasuwa ne? Wani ya ɓata maka rai?"

"Babu abin da ya faru."

"Ba zai yiwu ba."

"Shi ne abin tsoron, Dikko. Babu abin da ya faru. Na sayi igiya, na sayi gishiri. Na biyo ta bayan kasuwa kamar yadda nake biyowa kowane mako don in ga ko ƙafar ɗayanku ta karkace. Iska ta juyo. Ban san lokacin da na zauna ba."

"Da malafata a kanka," in ji Gwadabe.

"Da malafarka a kaina. Sai da na kai ƙwarya ta biyu Asibi ta ce, yau kuma malafar Gwadabe ka ɗauko? Na taɓa kaina. Da ƙasa za ta tsage da na shige."

"Ka ce mutum ba ya zubar da mutuncin wani."

"Na faɗa."

"Ka sa muka yi rantsuwa."

"Na sa."

"Kana ji surukina yana yanka ni, ka ci gaba da tsinke gyaɗa. Har ka tambaye ni ko na tabbata."

Tsohon ya runtse ido. "Wannan ta fi shan muni. Na sani."

Lado ya yi magana, muryarsa ta dushe. "Me ya sa ba ka gaya mana ba? Kullum muna zaune, kowa na faɗin nasa."

"Kowa na faɗin nasa," in ji Saje. "Shekara uku ina tambayarku ɗaya bayan ɗaya, me ya ci maka rai, Lado, me ya ci maka rai, Dikko. In an zagayo kaina sai ku shafa fatiha a tashi. Wa ya taɓa tambayata? Ba laifinku nake gani ba, girmamawa ce. Amma wata huɗu ke nan ina mafarkin ƙwaryar nan, ina farkawa da ɗanɗanonta a baki. In na buɗe baki zan faɗa sai in ga yadda kuke kallona, in haɗiye."

 Dikko ne ya jawo ƙwaryar kunun, ya buɗe, ya ɗebo a ludayi ya miƙa masa. Saje ya karɓa ya kurɓa.

"Yaya aka yi malafar ta dawo wurina?" in ji Gwadabe.

"Da na fito na kasa ɗaukarta a kaina. Na bi ta daji har ruga. Na same ka gindin kaɗanya kana barci, jikinka na karkarwa. Na ajiye taka na ɗauki tawa. Na so in tashe ka, na kasa."

Ya ajiye ludayin, ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Tashi mu je wurin surukinka."

"Rantsuwar fa?" in ji Lado. "In gari ya ji, dabarar ta mutu."

"Ta riga ta mutu jiya a kaina. Kaffara ni zan yi ta. Ku dai kada wanda ya tafi gida shi kaɗai yau. Lado, ka tsaya kusa da Dikko."

*

Sun je kafin azahar aka ce tsohon ya fita. Ana sallame la'asar suka koma ƙofar gidan Goggo Rabi. Jakin na ɗaure a turke, an riga an aza masa akumari. Ga tabarma a naɗe, ga ƙullin ƙorai, ga akwatin katakon Luba wanda Gwadabe ya ɗauko mata a ka tun daga Riruwai. Daga bayan zana ana jin muryar yarinya ƙarama tana wasa. 

Malam Shitu yana zaune a kan buzu da carbi. Suka durƙusa su biyu.

Saje bai ɓoye komai ba. Ya faɗi dokar malafa, ya faɗi rantsuwar, ya faɗi ƙwarya biyu. Ya faɗi har shirun da ya yi a gona. Yana magana hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Yaron nan ba shi da laifi, Malam. Ni ka gani. Ka sauke kayan nan a gidansa, alhakin komai a wuyana."

Malam Shitu ya ci gaba da jan carbi.

"Inuwa, na san ka da son yaran nan. Ba za ka ɗauki laifin wani ka shafa wa kanka ba?"

"Da zan yi ƙarya da na yi wadda za ta rufa min asiri."

"Haka ne." Ya jinjina kai. "Allah ya shirye mu baki ɗaya. Ban taɓa jin dabara irin wannan ba, amma na ga manufarta."

Gwadabe ya saki numfashin da ya riƙe tun daga gona. Har ya fara lissafin wanda zai fara ɗauka, akwatin ko ƙoran. Ya ji motsi a bayan zana, ya san Luba ce ke tsaye tana sauraro, zuciyarsa ta cika fal da murna.

"Abu ɗaya ne ban gane ba," in ji Malam Shitu. "Da wane lokaci ka ce ka shiga?"

"Ana kiran azahar. Allah ya yafe min, ina jin kiran na shiga."

"Ka fito yaushe?"

"Ban jima ba. Kafin la'asar na isa ruga na ajiye masa malafarsa."

Carbin ya tsaya a hannun Malam Shitu.

"Inuwa, da azahar ina masallacin kasuwa. La'asar ma can na yi ta. Ni sai da rana ta yi ja, kasuwa na watsewa, na ga malafar nan ta shiga zauren Asibi."

 Saje ya juyo a hankali ya dubi Gwadabe.

"Ko dai… ko ido ne, Malam? Yamma ta yi, ga dawa."

"Ba ni kaɗai na gani ba. Matarsa ce ta fara gani ta nuna min."

Gwadabe ya ji kunnuwansa sun toshe. Ya shiga lalube cikin kansa kamar mai neman allura a rumbu. Gindin kaɗanya. Zafin rana. Ƙishirwa, i, akwai ƙishirwa mai tsanani, yana tuna wannan. Ya tashi neman ruwa. Ya bi hanya. Wace hanya? Daga ruga zuwa gari hanya biyu ce, ɗaya ta rafi, ɗaya ta bayan kasuwa. Yana tuna wani ƙauri, amma ko na murhun ruga ne ko na tukunyar Asibi, ya kasa rabewa. Yana tuna ƙwarya a hannunsa. Ta maɗaci ce? Ta ruwa ce?

"Zazzaɓi yake yi, Malam," in ji Saje da sauri. "Wataƙila wani ya ɗauke malafar yana barci. Wataƙila…"

"Bari ya faɗa da bakinsa."

 Jakin ya kaɗa kunne.

Sai aka ji murya daga bayan zana, a hankali, muryar da Gwadabe ya yi wata bakwai yana jira. Luba ba ta taɓa sa baki a maganar maza a gaban ubanta ba sai yau.

"Baba, ka yi min gafara, ina da magana ɗaya." Ta ɗan tsaya. "Maigida, ni ma ƙeya na gani, ban ga fuska ba. Duk shekarun da ka yi kana sha, ka ɓata min rai ta kowace hanya, amma in ka san abu ba ka taɓa yi min ƙarya a kansa ba. In ka ce min ba kai ba ne, na yarda, yanzun nan zan ɗauki Dije in bi ka, ko akwatin ba sai an sauke ba. Kai ne?"

Kalma huɗu ce kacal. Ba ni ba ne. Malam Shitu bai musa wa 'yarsa ba. Saje yana kallonsa yana gyaɗa kai, yana roƙonsa da ido ya faɗa kawai. Babu mai shaidar da zai ƙaryata shi a ƙofar gidan nan.

Wata 'yar ƙaramar fuska ta leƙo ta ƙasan zana, ta dube shi, ba ta gane shi ba, ta koma.

 Gwadabe ya ɗago kai.

"Luba," ya ce, "wallahi ban sani ba."

Malam Shitu ya ajiye carbi, ya miƙe ya nufi turken jaki.